Gaisuwar Damisa da Ta Tsaya a Rabi

A gidan ubana, can gindin duwatsu, damisa kan-gida ce. Ba ma kashe ta, ba ma zagin ta. In ta ɗauki akuya, sai a ce yaya ta zo karɓar rabonta. Akwai kuma gaisuwar da ake yi mata in an yi kiciɓis a daji, baiti bakwai. Kakata ce ta koya mini muna surfe.

Da ɗana na fari ya yi ilimi, sai ya ce, “Inna, wannan camfi ne. Kada na ƙara jin sa a gaban yara.” Na kama bakina. Shekara talatin ban buɗe ba.

Ana nan, kasuwanci ya kai shi ƙasar waje, birnin Guangzhou, ya ɗauke ni na zauna da su. Ɗiyarsa, jikata, tana karatun dabbobin daji a wata jami'a a unguwar Tianhe. Wata rana ta ce, “Tsohuwa, sa takalminki. Yau za ki shiga aji, ko kya rage duhun kai.”

Na ce, “Duhun kan nan shi ya haifi ubanki.”

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka je. An kawo wani tsohon makiyayi daga duwatsun yammacin ƙasar, an ɗora shi a kujera mai laushi. A bayansa ga hoton damisar ƙanƙara, fara-fara, wutsiyarta kamar gammo. Yana magana, jikata tana raɗa mini. Wai a wurinsu damisa ta aljanin dutsen ce, ba a taɓa ta. In ta ci tunkiya, rabonta ta ci. Malamai masu gilashi suna ta rubutawa, har da masu tafi. Wai irin wannan sanin ne ya hana dabbar ƙarewa.

Na ce, “Ikon Allah. Ashe abin namu a jami'a ake karanta shi.”

Ta juyo. “Wane abin naku?”

Kafin la'asar ta kai wa malaminta labari. Malamin ya ce zai zo gida da na'urar ɗaukar magana. Ɗana da ya ji farfesa zai taka gidansa, sai ya rufe shago da wuri, ya sayo lemo da ganyen shayi mai tsada, ya sa babbar riga. Ya ce wa baƙon, ta bakin 'yarsa, “Mu gidanmu tun kaka da kakanni muke kare damisa.” Na dubi silin.

Aka kunna na'ura. Na gyara zama na soma:

“Yaya, hanya taki ce. Yaya, mu ƙannenki ne. Yaya, dutse ya kwana lafiya?”

Sai na tsaya. Na huɗun bai zo ba. Na koma farko, na kaɗa hannu kamar ina riƙe da taɓarya, ko zai biyo. Shiru. Waɗanda zan tambaya duk ƙasa ta rufe musu ido.

Ɗana ya sunkuyo, gumi a goshinsa. “Inna, ki ƙarasa da kanki mana. Wa zai sani?”

Na ce, “Shekara talatin kana hana ni faɗin na gaske. Yau kuma ƙarya kake so?”

Jikata ba ta fassara wannan ba, Allah ya yi mata albarka. Malamin ya jira, na'urarsa tana ta ɗaukar ƙarar fanka. Daga baya ya kashe ta, ya yi godiya har da sunkuyawa, ya ce ukun ma dukiya ce.

Da ya tafi, yarinyar ta zauna a ƙasa gabana, ba littafi ba biro. Ta ce, “Sake faɗa, tsohuwa.”

Na faɗa, ta maimaita, har bakinta ya kama. Ta kai na uku ta tsaya, tana duban bakina.

Na ce, “Iyakar gadonki ke nan. Sauran huɗun, ki tambayi mai babbar riga.”