Lebusa da 'Yar Gajerar Goɗiyarsa

Lebusa ya ƙare ƙuruciyarsa a ramin haƙar zinariya, can ƙetaren iyaka. Da tari ya ci ƙarfinsa aka sallame shi, ya komo ƙauyensu na kan duwatsun Lesotho. Ya tarar mahaifinsa ya rasu, ya bar masa goɗiya guda, gajera, mai gashi buzu-buzu, ana ce mata Pula.

Kunyar hawanta yake ji. Sai ya gangara birni ya sayo wani dogon ingarma mai sheƙi, ya shigo gida yana taƙama.

Matarsa Manthati ta leƙo da muciya a hannu. "Baban Nthati, wannan na hawa ne ko na kallo?"

"Ke dai ji da tuwonki," in ji shi.

Hunturu na kamawa ingarman ya soma ramewa, sai an lulluɓe shi da bargo kamar tsoho. Pula kuwa ko a jikinta. Tona ƙanƙara take da kofato ta ci busasshiyar ciyawar da ke ƙasa.

Rannan 'yarsu Nthati ta faɗo daga dutse ta karya ƙafa, ga asibiti sai an tsallake tsaunuka biyu. Lebusa ya ɗora ta a kan ingarma. Suna isa hawan farko dokin ya zame, ya toge, ya ƙi gaba. Can sai ga Manthati a baya tana haki, ta jawo Pula.

"Ungo, Baban Nthati. Ka sakar mata linzami, ta fi ka sanin hanyar nan."

Ya mayar da yarinyar kan Pula, ya sakar mata linzamin. Goɗiyar ta riƙa sa ƙafa a hankali, tana shinshinar ƙasa, ba ta girgiza yarinyar ba ko sau ɗaya. Kafin faɗuwar rana suna bakin asibiti. Lebusa ya kifa fuskarsa a wuyanta, ya daɗe bai ɗago ba.

Da bazara ya musanya ingarman da irin Pula guda biyu, ya shiga raka baƙi masu son ratsa duwatsu a kan doki. Tafiya ce ta kwana da kwanaki, ana yada zango a bukkokin makiyaya. Wani baƙo ya taɓa duban gajerun dawakin ya ce, "Ai ƙafata za ta ja ƙasa!"

Lebusa ya ce, "To madalla, in ka faɗo ba nisa."

Mutumin ya dawo da shekara ta zagayo, har da iyalinsa.

Tarin bai rabu da Lebusa ba, amma iskar tudu ta sassauta masa. Yanzu Nthati, da ta zama budurwa, ita ke gaba da baƙi, shi yana baya yana waƙa. Bana ma sun gano wata sabuwar hanya da ke ɓullewa ta kan wani babban magangarin ruwa, suna jiran ƙanƙara ta narke su gwada ta.