Malam Hattara da Gadar Igiya

Shekara talatin da huɗu ke nan ina aure da mutumin da bai taɓa barina na yanka albasa cikin kwanciyar hankali ba. Sunansa na yanka yana nan a takardu, amma tun daga kamfanin simintin da ya yi wa aiki har layinmu, Malam Hattara ake kiransa, kuma shi ya jawo wa kansa. Jami'in kiyaye haɗari ne. Aikinsa ya zagaya da hular kwano a ka, ya girgiza tsani, ya ja igiya, ya leƙa wayar wuta, in wani ya ji ciwo ya cike fom. Ya yi ritaya shekara huɗu da suka wuce, sai dai aikin bai ji labarin ritayar ba, ya biyo shi har gida.

A bangon kicin ɗina akwai farin allo da ya ɗauko daga ofis ranar da aka sallame shi. An rubuta KWANAKI BABU HAƊARI a samansa, kuma kowace safiya sai ya ƙara ɗaya a kan lambar. In mai ya fantsar mini a hannu, ɓoye hannun nake yi kamar ɓarauniya, don in ya gani zai goge lambar ta koma sifili, sannan ya zaunar da ni in ba da bayanin yadda abin ya faru. 'Ya'yanmu uku sun tashi ba su san daɗin hawa bishiya ba. Keke kuwa sai dai su sata hawa a gidan maƙwabta.

Manyan biyu sun bi layi, kowa ya sami aikin zama a kan kujera. Auta ce ta fita daban. Ta karanta lantarki, ta sami aiki cikin masu hawa ƙarfen sabis suna gyaran na'urorin da ke can ƙoli. Ranar da aka ɗauke ta, ta shigo da jakar kayan hawa tana rawar jiki, za ta nuna wa ubanta ɗamara da ƙugiyoyi tunda shi ne gwanin abin. Ko kallon jakar bai yi ba.

Ya ce, "Fitar mini da wannan daga gida. In kin hau, ba da yawuna kika hau ba."

Ta fitar da jakar, ita ma ta bi ta. Shekara biyu tana wani gari, ni kaɗai take kira. In na miƙa masa wayar, sai ya tuna bai duba fulogin firji ba. Amma kullum da safe ina ganinsa yana duba ƙarfin iskar garin da take a wayarsa, ya yi tsaki, ya kife ta. Son yarinyar nan yana cinsa, taurin kai kuma ya hana shi buɗe baki, ni ce a tsakiya ina shan haushin su biyun.

Auta ce ta saka ni a guruf ɗin karatu. Mu goma sha ɗaya ne a warwatse, wata malamar makaranta ke jagora. Kowa ya karanta babi biyu a mako, ranar Asabar da yamma a haɗu ta kiran bidiyo a yi hira. A wannan zagayen wani tsohon littafin kasada aka ɗauko, irin wanda iyayen iyaye suka karanta. Ɗan wani mai gyaran agogo ne ya gudu daga shagon ubansa, ya bi wasu matafiya za su tsallake duwatsu su kai wani akwati ga mai shi.

Asabar ta farko ina falo, muryar Auta na fitowa daga wayata tana dariya, sai ga Malam ya shigo neman tabarau. Minti arba'in yana nema, yana ɗaga filo yana mayarwa, tabaran kuwa yana goshinsa. Washegari ya ce, "Wannan abin naku, a saka ni. Ina so in ga abin da ake cusa wa mutane."

Na saka shi. A guruf ɗin ba wanda ya san dangantakarmu da Auta. Ita Injiniya suke ce mata, shi kuma mijina ne kawai, dattijo mai son karatu.

Da rula da jan biro ya fara karatun. Ranar Alhamis sai ga hoto ya faɗo guruf: fom ne irin na kamfani, ya zana shi da hannu. Inda haɗari ya faru. Sanadi. An ba wanda abin ya shafa kayan kariya? Wa ke da alhaki? A babi na uku matafiyan sun shiga kogi ba su gwada zurfinsa ba, ya rubuta. A babi na biyar sun hura wuta a cikin kogo marar taga, ya rubuta, har da jan layi biyu. Mutane suka yi ta turo fuskokin dariya, musamman wani mai kemis da ke jin daɗin muryarsa fiye da kowa. Sun ɗauka barkwanci ne. Ni da na san mijina bai taɓa yin barkwanci ba tun da uwarsa ta haife shi, na riƙe kai.

Abin da ya fi damuna shi ne layin ƙarshe na fom ɗin. Mako shida a jere, amsa ɗaya yake rubutawa: "Yaron, da ya ƙi jin maganar mahaifinsa." Ko jaki ne ya zame, yaron ne. Ko ruwan sama ne ya sauko, yaron ne. Mu uku kaɗai muka san wa ake jifa, kuma duk lokacin da ya fara magana sai hoton Auta ya ɗauke, ta kashe kyamara.

A babin gadar igiya abin ya fashe. Yaron ya tsallake wani rami mai zurfi a kan gada tana lilo, akwatin a bayansa, katako na zubewa a ƙarƙashin ƙafarsa. Malama ta ce ita numfashinta ɗaukewa ya yi da tana karantawa. Ana cikin wannan daɗi Malam ya gyara murya.

"Wa ya duba igiyar? Yaushe aka ɗaura ta? Mutum nawa take ɗauka?"

Mai kemis ya ce, "Haba Malam, don Allah! Labari ne fa!"

"Duk haka suke cewa kafin a kira ni."

Sai Auta ta buɗe makirfo, karo na farko cikin shekara biyu da ta yi masa magana kai tsaye. "Malam, da ya zauna a shagon, littafin shafi nawa zai yi?"

"Ɗaya. Amma da ransa."

"Ai yana da ransa."

"Tukuna dai."

Ta fita daga kiran. Ba a jima ba saƙonta ya shigo mini: za ta zo zaman ƙarshe saboda Malama, daga nan ta bar guruf ɗin. Washegari Malama ta kira ni tana ta kame-kame, wai jama'a sun yi shawara, a bar Malam ya ƙarasa littafin, amma ban da na gaba. Ke nan Asabar ɗaya ta rage masa ya ji muryar 'yarsa, shi kuwa yana zaune yana fiƙe fensir.

Na same shi na zazzage masa. Na ce, "Ka kori yarinya daga gidanka, bai ishe ka ba, ka bi ta har cikin waya za ka kore ta. Wai kai wane irin mutum ne?"

Ya ce, "Ni rahoto nake rubutawa."

Na bar masa falon kafin in faɗi abin da zai mayar da allonsa sifili.

A babi biyun ƙarshe yaron ya kai akwatin, amma a hanyar dawowa ya faɗo daga dutse, ya karye a ƙafa, ya ƙare rayuwarsa yana ɗingishi. Tsohuwar igiyar da ya sato daga shago ce ta tsinke. Da ya iso gida kuma ya tarar ashe ubansa yana da sabuwar igiya mai ƙarfi, ya kulle ta a adaka tun ranar da ya ga take-taken ɗan, don kada ya sami abin tafiya.

Ranar Juma'a Malam ya zauna da fom ɗinsa a teburin cin abinci tun hantsi. Na share ƙarƙashin ƙafarsa, bai ɗaga ba. Na kawo abinci, ya huce a gabansa. Duk abin da zan faɗa a kan mutumin nan, abu ɗaya ba zan hana shi ba: shekara talatin da ɗaya a kamfani, bai taɓa rubuta ƙarya a fom ba, ko da manaja ya tsaya a kansa yana huci. Na leƙa ta bayansa. An ba shi kayan kariya? A'a. Akwai kayan? Akwai. Biron ya tsaya a kan layin ƙarshe.

Ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Uban nan, ya san yaron zai tafi ko da ya hana shi?"

Na ce, "Kowa ya sani. Har agogunan shagon sun sani."

Ya ajiye biron. Can ya ce, kamar da teburin yake magana, "Ni ban taɓa ce wa ma'aikaci kada ya hau ba. Hawa dole ne. Nawa in ga da me zai hau."

Ranar Asabar da aka zo kansa, mai kemis ya kwantar da kai a kujera ya rufe ido. Malam ya karanta fom ɗin layi-layi da muryar nan tasa ta ofis. Da ya kai ƙarshe ya ce, "Wa ke da alhaki? Mahaifin." Ya ajiye takardar. "Injiniya, kina ji na?"

Hotonta a rufe yake. "Ina ji."

"Jakar nan tana kusa?"

Kyamarar ba ta buɗe ba. Mai kemis ya buɗe ido ya ce, "Wace jaka kuma? A wane babi?"

Na ce, "'Yarsa ce, bawan Allah, ka yi mana shiru."

Sai kyamara ta buɗe, ga Auta da jakar a cinya. Ya sa ta fito da ɗamarar ta ɗaga ta kusa. Juya ta. Matso da ɗinkin. Buɗe ƙugiyar, sake ta, in ji ƙararta. Mutanen da suka zo tattauna ƙarshen littafi suka zauna suna kallon ƙugiya, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, mai kemis ne na farko. Malama ce kaɗai ta tsaya, tana ta goge tabarau.

A kafaɗar hagu ya tsaya. "Wannan ɗinkin ya fara ci. Wa ke duba miki?"

"Akwai mai dubawa a wurin aiki. Wanda na fara kai wa dai cewa ya yi in fitar masa da ita daga gida."

Ya buɗe baki. Raina ya ce ga shi nan, yau zan ji mijina ya ba da haƙuri. Ina! Cewa ya yi, "Kada ki hau da ita ranar Litinin. Ki ce su canza miki."

"To, Baba."

"Ki nuna mini sabuwar kafin ki hau."

"To, Baba."

An dai cire shi daga guruf ɗin kamar yadda aka shirya, kuma da Malama ta tambaye ni ban roƙa masa ba, don mun fara sabon littafi mai jirgin ruwa, ba zan iya da shi ba. Auta kuwa ta zauna a guruf ɗin. Yanzu duk Litinin da bakwai na safe wayarsa ce ke ƙara, ba tawa ba, in ji shi a falo yana cewa juya ta, matso da ɗinkin.

A ranar Asabar ɗin nan, bayan an gama kiran, na shiga kicin na tarar da shi tsaye a gaban allonsa da tsumma. Kwana ɗari biyu da sha bakwai muka tara, mafi yawa tun da aka kafa allon, ya goge su tas ya rubuta sifili. Na duba hannuwana, na duba nasa, ba wanda ya ji ciwo. Na ce, "Malam, wa kuma ya yi haɗari?"

Ya ninke tsumman ya ajiye. Ya ce, "Tun shekara biyu ya kamata a goge shi. Ba a kawo mini rahoto ba ne."