Garin Rogon da Na Zuba wa Awaki

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, har sunayen wasu maƙwabtanmu na unguwar Misfala a Makka sun ɓace mini, amma ranar da na zuba wa awaki garin rogo ba za ta taɓa fita daga raina ba.

A farkon shekarun alif ɗari tara da sittin ne, hajji ya faɗo tsakiyar zafi. Babana ɗan dako ne. Da ƙafa ya baro ƙasar Katsina, a Sudan aka haife ni, a Makka na yi wayo. Shinkafa da burodi na sani, rogo kuwa ko ganinsa ban taɓa yi ba. Innata ta rasu, ni kaɗai ce a kansa.

Shekarar nan ya dawo daga Mina a galabaice, kwana huɗu yana ɗaukar kayan alhazai cikin rana. Ga gudawa, ga amai. Duk abin da na ba shi sai ya dawo. Ni ma na gaji liƙis, ga wanki, ga ɗebo ruwa, ga jinya.

Akwai wata tsohuwar hajiya daga gida, can ƙasar Hausa, da ta sauka a ɗakinmu. Ranar da za ta wuce Jidda ta miƙo mini wata 'yar jaka ta ce, "'Yar nan, garin rogo ne, ragowar guzurina. Ki jiƙa wa babanki." Na yi godiya. Bayan ta tafi na kwance bakin jakar, sai tsami ya bugi hancina. Na ce a raina, baiwar Allah, doguwar tafiya ta ɓata mata gari ba ta sani ba. Mara lafiya zan ba wannan? Ban tambayi kowa ba, don a lokacin gani nake na san komai. Na juye wa awakin maƙwabta, suka lashe tas.

Washegari da hantsi Baba ya kira ni, muryarsa da ƙyar take fita. "Hajiya ta ce za ta bar mini gari. Jiƙo mini, shi kaɗai raina ke so."

Na ce, "Baba, ai ya lalace. Tsami yake yi, na ba awaki."

Bai yi faɗa ba. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya dai juya fuskarsa bango ya ce, "Tsamin nan shi ne lafiyarsa."

Na ɗauko jakar na juya cikinta, na karkaɗe kusurwoyinta a faranti. Abin da ya fito bai cika tafin hannu ba. Na jiƙa da ruwan randa da ɗan sukari, ya sha a hankali. Na zauna riƙe da kwano ina jiran amai. Shiru. Karo na farko ke nan cikin kwana biyar da wani abu ya zauna a cikinsa, kuma babu sauran ko ƙwaya.

Na yafa mayafi na shiga gida-gida a Misfala. Alhazai sun cinye guzurinsu, wasu sun tafi. Aka ce in gwada unguwar Ka'akiyya, can gefen gari. Da ƙafa na je cikin ranar nan, har takalmina ya tsinke. Can na sami wata mata cikin waɗanda suka zo ta Chadi, ta ɗebo mini rabin kwano, ta haɗa mini da ƙuli-ƙuli. Ita ta gaya mini sai an gurza rogo, an danne shi kwanaki ya yi tsami dafinsa ya fita, sannan a soya. Ta ce yana riƙe ciki, yana mayar da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jiki, sai da gyaɗa ko wake.

Da wannan rabin kwanon Baba ya miƙe, ko da yake bai sake iya dako ba. Ranar da ya fara zama da kansa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Halas, ya wuce, 'yar nan. Laifina ne. Na kawo ki Makka, ban taɓa zama na gaya miki abin da ya raine ni ba."

Tun daga ranar ban sake zubar da abin da ban sani ba sai na tambaya. Kuma jikokina, da ko Hausar ba ta zauna a bakinsu ba, duk sai da na sa suka shinshina garin rogo, na ce musu haka yake, kada wanda ya ba awaki.