Facin Malam Hashimu

A ƙauyensu da ke bayan Gezawa, ba a taɓa ganin Malam Hashimu ya yar da abu ba. Da damina yana gona, da rani yana faci: bokiti, buta, ƙwarya, tayar keke. Matarsa ta ce da ana facin tuwo, da ya yi.

'Yarsa Tahira ta karanta injiniyanci, ta sami aiki a wani ɗakin gwaji a Kano, inda ake jarraba tankunan iskar haidirojin da ake son motoci su riƙa sha maimakon fetur. Ya tambaye ta abin da take yi.

"Fasa su muke yi, Baba. A yi ta ɗura wa tanki ruwa har ya fashe, a ga iyakar ƙarfinsa. Wani a sa shi a wuta."

"Sababbi?"

"Sababbi."

Tun daga ranar, in an tambaye shi aikinta, sai ya ce tana Kano.

Duk tankin da ya faɗi gwaji amma bai fashe ba, huda shi ake yi don kada kowa ya sake ɗura masa iska. Irinsa ta kawo gida a zuba wake. Malam Hashimu ya daɗe yana kallon hujin. Ya nemo gwangwani da gam da tsohon tub na taya ya liƙe shi, ya tsoma a kududdufi, ko kumfa ɗaya bai gani ba. Sai ya yi wa Ɗanliti, direban motar kasuwa mai son komawa gas, alƙawarinsa.

Ran Asabar Tahira ta iso ta tarar Ɗanliti yana cusa tankin a but ɗin motarsa.

"Ina za a kai shi?"

"Ranki ya daɗe, injiniya, Baba ya gyara ɓarnarku," in ji Ɗanliti.

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, facin ya yi kyau. Amma in aka ɗura masa gas, zai tashi da mota da fasinja. Da gangan muka huda shi."

"Na gwada a ruwa."

"Mu ma mun gwada. Ya faɗi."

Malam Hashimu ya dubi motar. Ran kasuwa mutum kan mutum take ɗauka, har da matar shi Malam Hashimun a gaba. Bai taɓa janye alƙawari ba, bai kuma taɓa lalata abu mai amfani ba.

"Sauke shi, Ɗanliti."

Tahira ta ɗauko zarto ta fara yanka. Ya kalle ta har ya kasa daurewa.

"Kawo nan, a karkace kike yi."

Shi ya raba tankin biyu da hannunsa. Yanzu awaki ke shan ruwa a ciki. In baƙo ya zo, yakan kai shi ya nuna masa cewa facin har yau bai yi yoyo ba.