Babur ɗin da na baro a Akokan

Mun bar Agadas ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina makanike da na roƙa ya raka ni. Abin da ya tashe ni kuwa babur ne. Ina koyarwa a wata makaranta bayan gari, ƙafa ta gaji, sababbin baburan kasuwa kuma shekara biyu suke yi su fara kakkaɓewa. Mutane sun yi ta gaya mini cewa tun da aka rufe ramin uraniyum na Akokan, tsofaffin ma'aikata suna sayar da kayansu da arha, har da baburan Japan na da, waɗanda ƙarfensu ba ya jin wahala.

Hanyar Arlit sunanta kawai kwalta. Direbanmu ya fi yawan bin gefenta ta cikin rairayi, sai ya hau ta in ya hango shingen jandarmomi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta riƙe kwanon man shanu a cinya tun daga tasha, kafin mu yi rabin hanya rabin man yana jikin wandona. Ta ba ni cuku guda biyu a madadin haƙuri, na karɓa, don yunwa ta fi fushin ƙarfi.

Bayan azahar muka fara hango tsibin ƙasar da aka tono daga rami, jere kamar duwatsu, sai garin Arlit ya fito a bayansu. Mun ci taliya da miyar tumatir a bakin tasha. Taliya da dabino da esansin kwalba, wato fetur, duk sun fi na Agadas sauƙi, tunda daga Aljeriya suke gangarowa, amma ruwan sanyi sai ka sa hannu a aljihu sosai. Mai abincin, wata Ba'adara mai yawan dariya, ita ta ce mu nemi Malam Isufu a Akokan, kowa ya san babur ɗinsa.

Akokan ba nisa, amma shirun garin ya sa na ji kamar mun yi wata doguwar tafiyar. Gidajen ma'aikata layi-layi, da yawa a kulle, wasu an cire musu tagogi. Malam Isufu mutumin Damagaram ne, dattijo siriri mai tari, ya yi shekara kusan talatin yana aikin lantarki a ƙarƙashin ƙasa. Sai da ya dafa mana shayi muka sha kofi biyu kafin ya ɗage wani tsohon bargo a zaure.

Babur ɗin ba shi da kyan gani. Jan fentinsa ya koɗe, an ɗinke kujerar da zaren buhu. Tun kafin mu tambaya dattijon ya fara lissafa mana aibinsa: yana ɗan hayaƙi da safe, an taɓa liƙe tankin, fitilar baya sai an buga ta take kamawa. Abokina ya dafa injin ya ji shi da sanyi, ya taka sau ɗaya, babur ɗin ya tashi. Ya durƙusa ya kasa kunne, ya leƙa ƙarƙashi, ya duba kusoshin injin ya ga ba su sha spana ba. Ya matso ya raɗa mini cewa in biya duk abin da aka ce.

Dattijon ya ce jika ɗari da hamsin na sefa. Ya ce gida zai koma da matarsa, kuɗin motar kaya yake nema, in ba don haka ba da ba zai rabu da shi ba. Kuɗin suna aljihuna, har da ragowa. Amma na zo da labarin arha a kaina, ina son in koma Agadas in ce na yi wayo. Na taya ɗari da ashirin. Ya sauko ɗari da arba'in. Abokina yana taka mini ƙafa, ban kula ba, sai na ce:

“Baba, ka duba garin nan. Kowa sayarwa yake yi, ba mai saye. In na tafi, wa zai zo?”

Ya dubi layin gidajen ta ƙofar zauren, sannan ya ɗauki bargon ya mayar a kan babur ɗin, ya gyara gefensa.

“Gaskiya ka faɗa, ɗana,” in ji shi. “Allah ya kai ku gida lafiya.”

Ya raka mu har bakin hanya. Muka koma Arlit muka kwana.

Washegari da safe, don in nuna ban yi asara ba, na bi wani dillali zuwa bayan kasuwa. Ya fito da wani babur irin wancan sak, shuɗi, yana walƙiya, sunan kamfanin Japan ɗin a tanki kamar jiya aka rubuta. Jika ɗari da talatin. Abokina ya dafa injin ya janye hannu, ya ce an ɗumama shi kafin mu zo, kuma man da ke ciki ya yi kauri da yawa, irin wanda ake zubawa don a rufe ƙarar inji. Ya ce mu koma Akokan in ba dattijon haƙuri, tafiyar minti kaɗan ce. Kunya ta hana ni, na kira ta da sunan sauri. Na biya, aka ba ni takardu, muka ɗaure jarkar esansi a baya muka bi sahun motocin Agadas.

Awa biyun farko har waƙa nake yi. Mun wuce mararrabar Imouraren kaɗan sai injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, ya yi tari, ya mutu. Abokina ya kwance buji, wato fulogi, ya same shi jiƙe da baƙin mai. Ba inuwa ko ta ƙaya. Muka zauna a gefen babur ɗin muna juyawa da inuwarsa, ruwanmu ya koma kamar na wanka. Sai wajen la'asar wani kamiyo da ya sauke albasa ya tsaya. Direban, Buzu ne mai rawani har hanci, ya dubi fentin ya yi dariya, ya ce shi ne na uku irinsa da ya ɗauka a bana. Jika goma ya karɓa, ya ƙara mana da shayi.

Da aka buɗe injin a garejin abokina, tanki da firam ne kawai na Japan. Cikin duk tarkace ne da aka harhaɗa daga injuna daban-daban. Babur ɗin yana nan jingine a bayan ɗakina, har yau da ƙafa nake zuwa makaranta.

Bayan mako guda na samu lambar mai abincin nan, na roƙe ta ta aika a gaya wa Malam Isufu zan dawo da ɗari da hamsin ɗinsa cif. Bayan kwana biyu ta kira ni. Ya riga ya tafi Damagaram. Masu sayen tsohon ƙarfe ne suka ɗauki babur ɗin a jika tamanin, sun wargaza shi suna sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Maƙwabcinsa ya ce washegarin zuwanmu dattijon ya wanke shi, ya fito da shi ƙofar gida, ya zauna kusa da shi har azahar, yana cewa malamin nan na Agadas zai dawo.

Masu tambayata shawara kan tsohon babur ɗan Japan, ga abin da na samo da tsada. Ku je da wanda ya san inji, kuma ku ji maganarsa, ni na je da shi ban ji ba. Ku taɓa injin da sanyi kafin a tayar, kada sabon fenti ya ɗauke muku ido. Wanda ya fara gaya muku aibin kayansa da bakinsa, ku saya a hannunsa. In kuma kun tarar da mutum yana sayar da abin da yake so don ba yadda zai yi, ku yi ciniki in za ku yi, amma kada ku tuna masa halin da yake ciki. Kuɗin da na zubar zan mayar da su a hankali. Maganar da na faɗa wa dattijon nan a zaurensa ce ban san inda zan same shi in janye ta ba.