Matar da ke Juya Allon Shiru

Kafin mai gadi ya gama karin kumallo ta iso ɗakin karatu. Ta buɗe tagogi, ta kunna fanka, ta jera kujerun zauren taro da hannunta. Ranar Asabar kuma takan hau benci ta juya wani farin allo da ke rataye, rubutunsa ya kalli bango. Ita ce mai kula da ɗakin karatun, Uwar Ɗaki muke kiranta. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, shi ya sa na zaunar da 'yata na ce ta rubuta abin da zan faɗa, kada ta gyara min ko kalma.

Ni ban taɓa shiga aji ba, kuma ban ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Direban babbar mota ne ni. Na faɗa kogi da mota na fito da ƙafata. Birki ya tsinke min a gangara, na kai kayan mutane lafiya. A tasha, in na fara magana ko mai shayi sai ya manta da tukunyarsa. Sai shanyewar ɓarin jiki ta same ni a kan tabarmata, ta karkatar min da baki. Likita ya fid da rai, Allah bai fid da ni ba. Amma na daina fita. Mutumin da ake taruwa a saurara ya koma in ya ce "ruwa" sai an ce "me ka ce?"

Har gida ta same ni. Ta ce ita ke shirya zaman Asabar, inda tsofaffi ke ba yara da iyayensu labarin sana'arsu. Tela ya yi, ungozoma ta yi, saura direba.

Na ce, "Yarinya, da wane bakin?"

Ta ce, "Da wanda kake min gardama da shi yanzu, Baba."

Na je. Zaure ya cika. Na ɗauko labarin kogi, ina tafiya a hankali, har na iso kan kalmar "gada". Nan ta maƙale. Ga... ga... Wani ya ce "gari", wata ta ce "gaba", yara suka fara ƙunshe dariya. Na lalubo sandata. Na san in na fita ƙofar nan, ni da buɗe baki a gaban mutane har abada.

Uwar Ɗaki ta hau benci ta juyo allon nan. Zaure ya yi tsit. Tela ya raɗa min, "Tsoho, SHIRU aka rubuta." Na ɗauka da ni ake.

Sai ta ce, "Shirun nan namu ne, ba na Baba ba. Maganarsa ce, shi zai kawo ta."

Suka jira. Can na ce, "Gada!" Na tsallake ta, na kai labarin har bakin gaɓa. Tun daga ranar, ku tambayi tela, sai an roƙe ni nake sauka daga kujerar nan.

Uwar Ɗaki, ke ce ba ki taɓa ƙarasa wa mutum maganarsa ba. Ungozoma shaida ce, ranar da kuka ya ƙwace mata tana cikin labarin jaririn da ta rasa, allon nan kika juyo. Ke ce uwar masu nauyin baki, mai haƙurin jiran kalma. Na ga masu riƙe sitiyari da yawa, ban ga mai riƙe taro kamarki ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya ba ki hutu mai daɗi. Wanda zai gaje ki kuma, da duk mai tsoho ko mara lafiya a gida, ku koyi jira irin nata.

Kalma ɗaya tak na iya karantawa a duniya, ke kika koya min ita, kuma ke kika hana ni zama a cikinta.