Sa Hannun Auta

A sashen gashin ƙashi na asibitin, can ƙarshen baranda bayan ɗakin hoto, ba wanda ke kiransa da sunansa. Yaya kowa ke ce masa, har masu shara, har ma Shugaban sashen da ya ba shi shekara goma sha biyar. Shekararsa goma sha huɗu a wannan ɗaki mai gadaje shida da korayen labulaye, ya san gadon da ke ƙara in an juya a kansa, ya san fankar da sai an tura ta da tsinken tsintsiya take tashi. In aka turo mutum a keken marasa lafiya, kafin a gama karanta takardar likita Yaya ya riga ya ɗora hannu ya gano inda matsalar take.

Ɗan kafinta ne. Ciwon bayan mahaifinsa ne ya ja shi ga wannan karatu, kuma tun ranar da ya karɓi digirinsa na farko ya ƙudurta zai koma ya yi na biyu. Sai dai kowace shekara da nata dalilin. Wata shekarar aure, wata jinyar tsohon, wata kuma matarsa ta haifi 'yan biyu gidan ya koma kamar tasha. Kullum maganarsa ita ce baɗi, har matar ta daina tambaya.

Yana da hali ɗaya da shi ma ya sani: ba ya ga maciji da rubutu. Rubutunsa sai ka rantse kaza ce ta taka tawada, ga hannunsa kullum dumu-dumu da man tausa, ga layi har bakin baranda. Saboda haka da aka kawo sabuwar ma'aikaciya shekara shida da suka wuce, wadda suka laƙaba wa Auta don ita ce ƙarama a sashen, sai aiki ya tsaru yadda ya yi masa daɗi. Shi zai lanƙwasa, ya miƙar, ya tayar da mutum tsaye, sannan ya nufi famfo yana wanke hannu yana magana: "Auta, rubuta. Gwiwa ta ƙara lanƙwasuwa. Ya yi taku takwas ba sanda." Ita kuma ta rubuta a katin marar lafiya da rubutunta mai kyau. Dokar sashen kuwa tun fil azal ita ce wanda ya rubuta shi ke sa hannu. Ko sau ɗaya abin bai taɓa damun Yaya ba, har alfahari yake yi wai shi ba akawu ba ne.

Bana da 'yan biyu suka shiga makaranta, sai ya ce baɗin nan ta zo. Bai gaya wa kowa a wurin aiki ba. Asibitin mutum ɗaya tak yake sallama ƙaro karatu daga kowane sashe a shekara, kuma a ganinsa ko makaho ya san wanda ya cancanta. Ya buɗe fom ɗin jami'ar a kwamfutar ofis lokacin hutun rana, yana danna haruffa da yatsa ɗaya. Suna, shekaru, sakamakon digiri, duk ya cike. Sai ya iso shafi na huɗu: ana son bayanin marasa lafiya uku da mai nema ya kula da su da kansa cikin shekara uku da suka wuce, tare da kwafin katunansu, a rufe sunayensu, a bar sa hannun mai nema a fili.

Ya tashi ya jawo durowar katuna. Ya zaro ɗaya, ya zaro biyu, ya zaro goma. Ga malamar makarantar da ta karye a ƙugu, ga makanikin da mota ta danne wa kafaɗa, ga tsohon da iyalinsa suka riga suka fid da rai da tafiyarsa. Duk aikinsa ne, yana iya tuna nauyin kowannensu a kafaɗarsa. A ƙasan kowane kati kuwa sa hannun Auta ne, ɗan siriri mai wutsiya a ƙarshe. Ya bi durowa uku kaf, ya samu katuna biyu kacal masu sa hannunsa, su ma na targaɗe ne, ya rubuta su makon da Auta ke fama da mura. Gumi ya keto masa ko da yake fanka na kansa.

Bai gama farfaɗowa ba, kwana biyu bayan nan Auta ta same shi yana naɗe wayar jar fitilar gashi. Tana ɓoye wasu takardu a bayanta kamar yarinya.

"Yaya, akwai maganar da nake son ka fara ji kafin kowa," ta ce. "Zan nemi digiri na biyu bana. Don Allah ka duba min wannan, kai ne ka san aikin."

"Ma sha Allah," in ji Yaya. Bakinsa ne ya faɗa, don zuciyarsa tana wani wurin.

Ya karɓa ya duba shafin farko, sai ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi. Tela ta zaɓa. Telan nan da aka kawo da shanyewar ɓarin jiki, ƙafar dama tana reto, mutumin da ya juya fuska ga bango ya ƙi kowane irin motsa jiki har mako uku. Yaya ne ya zauna ya yi ta jan sa da hira har ya gane ba tafiya ce ta dame shi ba, keken ɗinkinsa yake kewa. Yaya ne ya sa 'ya'yansa suka kwanto fedar keken suka kawo, aka ajiye ta a gindin gado, Tela ya fara takawa yana hawaye. Bayan wata huɗu ya fita da ƙafarsa. Duk wannan yana cikin bayanin Auta, a tsare, ba ƙarya ko ɗaya. Ita ma ta yi ɗawainiya da Tela, kowace la'asar ita ke riƙe da shi tsakanin ƙarafan koyon tafiya. Fom ɗin ne dai ba shi da gurbin da za a rubuta wanda ya kawo dabarar.

A faɗi gaskiya, hassada ce ta kama shi, irin wadda yake wa mutane nasiha a kanta. Daga ranar komai na Auta ya koma ba shi haushi. Dariyarta ta yi yawa. Takalminta yana ƙara a kan siminti. Biron da take maƙalawa a aljihun farar rigarta ma, in ya gani sai ya kawar da kai. In marar lafiya ya ce mata "Allah ya yi albarka, likita," sai Yaya ya ce a ransa, wa ya koya mata riƙe ƙafar? Ranar da ta zo, ko ɗaga mutum daga gado ba ta iya ba sai ta nemi ɓalla nata bayan. Ya mayar mata da takardun ya ce sun yi, bai gyara ko waƙafi ba.

Ranar Alhamis ya shiga ofishin Shugaba, ya rufe ƙofa, ya zayyana komai. Shugaba dattijo ne mai son zaman lafiya da shayi mai sukari. Ya saurara har ƙarshe yana juya cokali.

"Yaya, duk abin da ka faɗa na sani," ya ce. "Amma me kake so in rubuta wa jami'a? Cewa a sashena wani ke aiki wani ke sa hannu, shekara shida? Ni za a fara tuhuma, sannan yarinyar nan. Ba karatu kaɗai za ta rasa ba, lasisinta ma sai an duba. Ka amince da haka?"

Abin kunyar shi ne Yaya ya ɗan jima kafin ya ce a'a, kuma Shugaba ya lura da jimawar.

"To, ka fara rubuta naka daga yau, baɗi ko baɗin baɗaɗa sai mu tura ka." Ya kurɓi shayi. "Yauwa, tunda ka shigo. Suna son wasiƙar shaida daga gare ni a kanta, ni kuwa rabona da ɗakin gashi tun da aka ɗora min tarurrukan nan. Kai ka san aikinta ciki da waje. Ka rubuto min kafin Litinin, in sa hannu."

Da safiyar Asabar ya zauna a tabarmar falo da takarda, 'yan biyu suna kokawa a kan kujera. Cikin minti biyar ya gama. Ya rubuta cewa tana zuwa aiki a kan lokaci, tana da tsafta, tana girmama na gaba da ita. Ba wanda zai ce ya yi mata sharri, kuma ba jami'ar da za ta ɗauki mutum a kan irin wannan shaida. Ya san haka sarai.

Matarsa ta zo wucewa da kwandon wanki ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Baban 'yan biyu, wannan mai shara kuke nema wa aiki?"

"Auta ce. Wasiƙar makaranta."

"Auta dai taka? Wadda ka ishe mu da labarinta shekara shida, Auta ta yi kaza, Auta ta gano kaza?" Ta gyara riƙon kwandon. "To ai shi ke nan. In sun karanta sai su ce wanda ya koyar da ita bai san komai ba sai zuwa da wuri."

Ta yi ficewarta ta bar shi da baki buɗe. Ba tausayin Auta ne ya motsa shi ba, kada a yi masa ƙarya. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne wasu farfesoshi da ba su taɓa ganinsa ba su ɗaga takardar wadda ya horar da hannunsa su ce ba ta kai ba. Ya yage ta farkon ya jawo wata.

Wannan karon ya kai azahar yana rubutu, shi da ba ya iya layi biyu a kati. Ya rubuta yadda take durƙusawa ta daidaita idonta da na wanda ke zaune a keke kafin ta yi masa magana. Ya rubuta yadda take gane mai ɓoye ciwo daga yadda yake riƙe numfashi. Sannan ya daɗe yana kallon bango, ya rubuta abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Wata rana an kawo wata mata bayan tiyata, wani babban ma'aikaci ya shafa mai zai fara matsa mata sharaɓa, sai Auta ta riƙe masa hannu ta ce ƙafar ta yi zafi kuma ta kumbura, a dakata. Da aka yi hoto, gudan jini ne a jijiya, wanda da an matsa zai iya tafiya huhu ya kashe matar. Bai rubuta sunan babban ma'aikacin ba, don nasa ne. Ran Litinin Shugaba ya karanta, ya ce "Kai, madalla," ya sa hannu ya buga hatimi.

Bayan wata biyu da rabi, da hantsi, Auta ta shigo da gudu takalminta na ƙara, waya a hannu. An ɗauke ta. Sashen ya kaure da sowa, har wata tsohuwa da ke ƙarƙashin jar fitila ta ɗaga hannunta mai lafiya tana sa albarka. Yaya yana bayan labule a gado na uku, yana aikin gwiwar wani direban babbar mota da aka cire wa ƙarfe, kuma komai yana shiga kunnensa.

"Ranka ya daɗe, wasiƙarka ce ta shigar da ni," ya ji tana gaya wa Shugaba. "A wurin ganawa sai da shugabar kwamitin ta karanto maganar matar nan mai gudan jini. Ta ce ta shekara ashirin tana karanta wasiƙu, ba ta taɓa ganin shugaban da ya san ma'aikacinsa haka ba."

"Ai gaskiya ce kawai muka faɗa, 'yata," in ji Shugaba, ko tari bai yi ba.

Can sai labulen ya motsa, ta leƙo da fuskarta duk hawaye da dariya.

"Yaya! Ka ji?"

"Na ji, Auta. Allah ya sanya alheri."

"Amin, Yayana. Wallahi kai ma ya kamata ka nema, ban san me kake jira ba. Shugaba ya ce in na dawo ni zan riƙe ɗakin gashi, tunda shi ritaya ta matso. Ka bari kawai, ni da kaina zan rubuta maka wasiƙar, ka ga yadda ake yi."

Da zuciya ɗaya ta faɗa, ta saki labulen ta koma cikin masu taya ta murna. Yaya ya ci gaba da kallon inda fuskarta ta ɓace.

"Likita," in ji direban a hankali. Sai kuma da ƙarfi, "Wayyo, likita! Ƙafata!"

Yaya ya dubi ƙasa. Yatsunsa sun nutse a gwiwar mutumin, ya lanƙwasa ta ta wuce inda ya kamata a tsaya a wannan makon, ƙaton mutum yana damƙe da gefen katifa idonsa ya kawo ruwa. Shekara goma sha huɗu, yau ne karon farko da wani ya yi ihu a hannunsa ba don ciwon da ya zo da shi ba. Ya sassauta, ya miƙar da ƙafar a hankali, ya sa matashi a ƙarƙashinta.

"Yi haƙuri, ɗan'uwa. Laifina ne."

"Ba komai, likita, ci gaba."

"A'a," in ji Yaya. Ya goge man da ke hannunsa da tawul, ya tsaya jim, sannan ya ɗaga labulen ya kira Auta ta zo ta ƙarasa masa.